Ki Riga Sabadu Kawo Kwano

Zuwa ga Kinta, hasken idona, sanyin raina, iskar da ke turo kwalekwalena gida, kuma ciwon kaina na bana.

Gaisuwa mai yawa kamar yashin gaɓa. Bayan haka, haba Kinta, kin ƙure ni! Me kike jira? A tsibirin nan namiji ba ya neman aure, bakinsa a ɗaure yake. Mace ce ke dafa kifi da manja ta dire a gabansa, ya kai loma, magana ta ƙare, kuma wanda aka dire wa kwano ba ya turewa. Da a hannuna abin yake, da tuni ana kiranki uwar wane.

Kin tuna ranar da ruwan teku ya janye kuna ɗibar kawa, dodon koɗin nan na gaɓa, kika nutse a laka har gwiwa, na janyo ki kina wannan dariyar da ta raba ni da sukuni? Ranar kika ce kina jiran kifin da ya dace da ni. Na yi nisa cikin teku har tsibirin ya koma ɗigo, na kamo wanda sai da mutum biyu suka kinkima, na ajiye a ƙofarku. Sai kika dafa wa babanki! Ya tare ni a bakin ruwa yana lasar baki, wai in ƙaro irinsa. Na biyun da na kawo kuwa banda kika yi, kika tura kasuwar Bubake.

Yanzu ga Sabadu 'yar maƙwabcinmu ta tanadi manja, har ta fara yankan ciyawar rufin ɗaki, tunda a nan mace ce ke gina ɗakin aure. Inna ta ce mini, "Kaitanu, ka shirya cikinka, yarinyar nan ba da wasa take ba." Tun daga nan, da na hango mace da kwano a ka sai in ranta a na kare, in faɗa kwalekwale. Jiya tsohuwa mai tallar gishiri na guje wa, samari suna ta yi mini ihu. Na rame kamar sandar tuƙi, ɗanyar kwakwa ce abincina. Wane irin so ne wannan, da ke sa ƙato gudun abinci a gidan ubansa?

Tsibirin nan tafin hannu ne, wurin ɓuya ya ƙare. Gobe Inna za ta tsare ni a tsakar gida gyaran taru, kuma Sabadu ta sani. In kwanonta ya riga naki zan ci, Kinta, dole ce. Zan ci hawaye na zuba a ciki, in tsufa a ɗakin da ta gina ina hangenki ta ƙofa.

Ga kifi nan tare da takardar. Ƙarami ne, na sani. Ki ƙona shi, ki cika masa gishiri, ki kawo shi ɗanye ma in kin so, ke dai ki iso da hantsi. Zan zauna ina fuskantar hanyar gidanku, da hannuna a wanke.

Naki har teku ta ƙafe,
Kaitanu, mai fama da so da yunwa.