Randar da nis samo bakin hanya

Ƙohwar Kware, Sakkwato, 1976

Zuwa ga yayana Tambari, can Kumasi,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina hwatan kana lahiya kai da iyali, Allah shi ƙara rufin asiri. Inna na nan garau, har yanzu ita ka cinye goron gida ta ce ɓera na.

Ka san ƙanenka, duk Sakkwato babu mai tuƙa katahila awa ni, sojan da ka duba aikinmu ma ya sheda. To muna kankare wani tudu bayan gari don sabuwar hanya, sai bakin katahila yab buɗe manyan tukwane. Ko wace da mutum zaune ciki, gwiwa ga haɓa, ƙashi tsab. Leburori sunka watse, ni ko ina dariya. Guda ƙarama nig gani babu kowa ciki, ko tsagewa ba ta yi ba. Nic ce matata Sadiyatu ta samu randa kyauta, nik kai mata gida. Ruwanta, Yaya, hirijin Gwamna bai kai shi sanyi ba.

Anka tsaida aiki, anka turo wani Malam Irmiya daga Jos mai binciken kayan mutanen da. Ni in ture tudu kahin azahar, shi ko shi wuni da cokali da burushi. Yac ce mutanen ga tun ba a san ƙarhe ba sunka zauna wurin. Yan nuna min tukunyar wata mace da gurbin ƙarama ga gehenta, yac ce irin ƙananan na yara na. Nic ce mishi wagga ni nid ɗauke ta, wohi nis same ta. Yad dube ni, yac ce to ƙila tanadinta anka yi, ba a kai ga sa mai ita ba.

Nik koma gida da rana tsaka, nis samu Sadiyatu na neman ɗiyarmu Juwairiyya. Cikin randa munka gane ta, ta kwashe ruwan da moɗa, tana zaune gwiwa ga haɓa. Tac ce innarta ta tudu tac ce ta shiga ta gwada.

Na mai da wa Irmiya randar, ya tahi da ita Jos. Liman ya yi tohi, an yi sadaka. Amma yarinyar ta bar wasa, kullum tana zaune ga ramin rairayin da randar tat tashi, kuma ta daina ce wa Sadiyatu inna.

Ni ba tsoro ni kai ba, ka san ni. Sai dai zan aiko maka Juwairiyya da Mode mai motar albasa, ta zauna wurinka. Ka ce wa matarka Kulu ta hidda randa daga gida kahin su iso, ku sha ga tulu mai ƙaramin baki.

Gai da Kulu, da Gidaɗo, da Baba Maigandi.

Ƙanenka,
Arzika Sarkin Katahila