Muryar da ta san gobe

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Yau na fara aiki wurin Khaula, a ɗan ofishinta da ke unguwar Minanata. Muna haɗa manhajar waya da za ta riƙa gaya wa manoma labarin ruwan sama. Aikina shi ne in tsara yadda mutum zai yi amfani da ita ba tare da ya ji haushi ba. Shekaru na yi ina rubuta rahoto kan hamada da zaizayar ƙasa, ban taɓa haɗuwa da wanda ya karanta har ƙarshe ba. Khaula ta ce gwaji ne: manoma suka karɓa in zauna, suka ƙi in nemi hanya.

Laraba, 14 ga Mayu

Ba kowa ke karatun boko ba, sai na sa murya. Tawa. Na ji daɗin kaina.

Alhamis, 15 ga Mayu

Yau na je ƙauyen Kwalkwalawa. Na miƙa wa Baba Maigandi, wani tsohon manomin shinkafa, wayar. Ta ce, "Gobe za a yi ruwa." Ya ajiye ta a kan tabarma a hankali.

"Ɗiyata, wa ya hwaɗa mata? Matar ga ba ta da kunyar Allah."

Na ce ai lissafi ne, Baba. Ya ce to ta yi lissafinta da ladabi. Bai san ni ce matar ba, ni kuma ban ga dalilin gabatar da kaina ba.

Juma'a, 23 ga Mayu

Na sake ɗaukar muryar: "Alamu sun nuna ruwa gobe, in Allah ya yarda." Hayatu mai haɗa manhajar ya ce ta yi tsawo. Na ce ya je ya gaya wa Baba da kansa. Ya bar ta.

Litinin, 2 ga Yuni

Baba ya saurara har sau biyu. "To, wagga ta samu tarbiyya." Ya kira maƙwabtansa su ji. Khaula ta ce in kawo kofina na shayi in ajiye a ofis.

Talata, 17 ga Yuni

Tsohon shugabana ya kira. Akwai taro a Abuja, har da otal, kuma kujerata tana nan. Na ce zan yi tunani. Ban yi ba, don ina gyara wani maɓalli da ya yi wa yatsan Baba ƙanƙanta.