Abin da Na Rubuta a Katin Gwaji

Zuwa ga maigidana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka na ɗakin gwajin jini a can. Mama tana gaishe ka. Tawa lafiyar kuwa sai ka tambayi likitoci huɗu, don tun Litinin suke juya ni.

Kada ka ɗauka na sauko. Yau kwana goma sha biyu da ka ɗauki jakarka ka tafi, bayan ka ce wai na miƙa hannu an yi min allurar gwajin rigakafin zazzaɓin denge ne don in zama kamar jaruman littattafaina. Kai da ka riƙe ni a barandar asibiti ranar da zazzaɓin nan ya ɗauke mana ƙanwata Auta, jini na fita ta bakinta! Ka san dalilina sarai. Na rantse ba ni zan fara kira ba, kuma wasiƙa ba kira ba ce.

Ka san katin da suke ba mu, mu riƙa rubuta zafin jiki da duk abin da muka ji bayan allura. Malamar jinya ta ce kada mu ɓoye komai. To, ban ɓoye ba. Layukansu ba su ishe ni ba, sai da na liƙa takarda. Na rubuta abinci ba ya shiga, barci ya ƙaurace min, gabana na faɗuwa, hawaye na zuwa ba sallama. Duk gaskiya ne. Dalilin kaɗai na bari, tunda ba su tambaya ba.

Sai ga motar asibiti har ƙofar gida. Suka manna min wayoyi a ƙirji, suka ɗebi jinina sau uku. Daga nan aka dakatar da allura ta biyu, ta mutum ɗari uku, har sai an gano ko rigakafin ne ya taɓa min zuciya. Ina zaune a benci aka sallami layi. Maƙwabciyarmu mai ɗinki, da goyonta a baya, tana cewa, "Wace mai baƙar ƙafa ce ta ja mana?" Na sunkuyar da kai kamar ina neman takalmi.

Jiya na cije na gaya wa babbar likita komai. Ta cire tabarau ta ce, "'Yar nan, ba zan rubuta wa kwamitin gwaji cewa miji ne sanadi in sa hannu ba, sai na ga bugun zuciyar nan ya sauka da idona. Kira shi." Na ce shi ya kira ni. Malamar jinya ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban ga abin dariya ba.

Alhamis kwamiti zai zauna. A littafi, da tuni mijin ya iso cikin ruwan sama ya durƙusa. Ni ban nemi ko rabin haka ba. Wayarka tana aljihunka.

Matarka da ba ta huce ba,
'Yar Littafi

Zuwa ga maigidana,

Ina gaisuwa, da fatan ka tashi lafiya.

Tunda kai ma'aikaci ne, ga rahoto. Bayan kiranka na Talata na cinye kwano guda, na ƙara. Laraba suka auna ni sau biyu, bugun ya koma daidai, jinin ma bai nuna komai ba. Kwamiti ya zauna, an buɗe layi. Yau na karɓi tawa a hannun hagu. Mai ɗinki na gabana tana ta godiya ga Allah, har yanzu ba ta san ni ce ba. Malamar jinya ta miƙo min sabon kati ta ce, "Amarya, wannan karon layi ɗaya ya isa." An kuma rubuta sirrina an tura wa manya, mutanen da ko fuskata ba su sani ba. Duk kai ka ja min.

Amma akwai saura. Da na ɗauki waya, ko sunana ba ka kira ba. Cewa ka yi, "Na kira ne saboda mutum ɗari ukun nan." To, an yi musu allurarsu, sun gode ƙwarai. Ni kuwa har yanzu ba a kira ni ba.

Ka huta lafiya.

Matarka,
'Yar Littafi