Kada Ka Kashe

Litinin, 6 ga Oktoba

Kwamfutar matata Malama tana nan kunne. Da za mu asibiti ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara mayafi, ta ce, "Kada ka kashe, ban gama ba." Ban kashe ba. An yi jana'iza, 'yan gaisuwa sun watse, ɗigon nan na kan gilashi yana ta ƙiftawa.

Tsohuwar na'ura ce, da ita ta fara koyarwa a makaranta. Da ta yi ritaya suka ce ta tafi da abinta, ba mai so. Ta girmi 'yarmu Auta.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Masu wuta za su sauya wayoyin layinmu ranar Asabar ta sama. Kwanaki za a yi babu wuta. Batirin da Malama ta haɗa mata wuni ɗaya yake riƙewa.

Na kira Dogo, abokin aikinta na dā. Ya zo da sandarsa, ya leƙa bayan na'urar, ya ce irin wannan ba ta da ajiya, wuta na ɗaukewa ta manta komai. A dā a kaset ake juye aiki, to ramin kaset ɗin ya ƙone tuntuni.

Na ce, "Kamar ni ke nan."

Ya ce, "Kai ko da wuta mantawa kake, Tela."

Dabara ɗaya: a sa ta nuna abin da ke cikinta, Auta ta ɗauki hoto da waya. Sai dai da yarenta na can ƙasa ake roƙonta, wanda Dogo yake kira asambili. Idonsa ya tafi, ba ya ganin gilashi. Shi baki, ni hannu.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Yaren ba yawa. Ɗauko. Ajiye. Ƙara. Koma baya. Cikinta ɗakuna ne a jere, kowanne da lambarsa, kowanne lamba guda yake ɗauka. Ƙirga kuma daga sifiri ake farawa, ban san wa ya yi musu wannan ba.

Kakata tana da tatsuniyar wani bara da aka ce ya tsare ƙofa, ya ciro ƙofar ya tafi kasuwa da ita. Shi ne wannan na'ura. Abin da ka ce za ta yi, ba abin da kake nufi ba.

Auta ta kawo abinci. "Baba, kai da kwamfuta, mutumin da ko waya sai an danna masa?" Na ci kaɗan don ta tafi.

Talata, 14 ga Oktoba

Komai ba ya daɗi, ba ya ɗaci. Na koyi koma baya.

Laraba, 15 ga Oktoba

Dogo bai zo ba, ƙafa. Na ga lokaci na tafiya, na buɗe littafin koyarwar Malama, na kwafi umarnin da ke nuna ciki, na zuba shi a lambar ɗakin da littafin ya ce. Ya yi aiki. Lambobi suka cika gilashi, har na ji wani abu kamar alfahari.

Da na karanta wa Dogo na farkon a waya, sai ya katse ni.

"Tela, a wane ɗaki ka zuba?"

Na faɗa.

"Ai nan Malama take fara komai nata. Duk wanda ya koya a littafin nan, nan yake farawa."

Na ɗinka a kan ɗinkinta. Kan aikin ya tafi, da hannuna. Na tashi na wanke kofi, ko da yake wankakke ne.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Auta ta ɗauki hoton abin da ya rage. Na karanta, Dogo ya rufe ido yana ji. Ya ce waɗannan sautuka ne, kowace lamba murya guda. Abin da na goge shi ne mai rera su.

"Sai ka rubuta mata wani."

Muka wuni. Ɗauko lamba, kai wa lasifika, jira, koma baya. Na yi kuskure ta yi ƙara kamar an taka kyanwa, Dogo ya yi dariya har da tari.

Bayan la'asar ta rera. Ɗan waƙen nan ne da Malama take yi ta hanci in tana guga, wanda na sha ce mata ba shi da kai ba shi da gindi. Muryar siririya, kamar sauro. Ya kai tsakiya ya tsaya, nan Malama ta tsaya da aikin.

Auta ta fita da gudu. Ni ina zaune. Dogo ya ce a sake, na ce a'a.

Asabar, 18 ga Oktoba

Sun yanke wuta da safe. Ban jira batirin ya mutu ba, na sa yatsa na kashe. Maɓallin da ɗumi.

Talata, 21 ga Oktoba

Wuta ta dawo. Na kunna don in ga ko ba ta lalace ba, shi ke nan. Ba komai a ciki, ɗigo kawai.

Tunda na zauna, na shigar da lambobin daga wayar Auta. Umarnina a sama, lambobin Malama a ƙasa. Ta rera, ta tsaya inda take tsayawa.

Na san sautin da ke biye, shekara nawa ina jinsa. Lambarsa ce ban sani ba. Na gwada wata, ta yi sama da yawa. Auta daga kicin ta ce, "Ba haka ba ne, Baba, sauko kaɗan."

Na sauko kaɗan. Na ce ta ɗumamo abincin jiya, in da saura.