Shuɗin Ɗakin Isyaku

Sharaɗa, Kano

Zuwa ga matata Indo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da Aina'u 'yar baba. Ni ma lafiya, sai gajiyar kamfani.

Ki ci gaba da shiri, bayan Sallah zan zo in taho da ku. Amma raina a ɓace yake. Kin san rana ɗaya muka kama ɗaki a gidan hayar nan da Isyaku na ƙauyenmu, kowa da nasa, shekara uku ke nan, kuma ba wanda ya taɓa ganin ko gwangwanin fenti. To jiya na dawo na tarar Alhaji Uba, mai gidan, ya sa an fitar da kayan Isyaku tsakar gida ana shafe masa ɗaki. Shuɗi, Indo, mai sheƙi, har da fari a silin. Nawa kuwa yana nan kamar gindin tukunya.

Da me ya fi ni? Ni ke share kwata, ni ke gyara famfo. Shi ko ya iya rusunawa ne kawai. Da na ce masa ya ji daɗinsa, sai ya sunkuyar da kai, wai shi mai kunya. Tun jiya ban amsa gaisuwarsa ba. Kishi nake, ba zan ɓoye miki ba. Ba za ki shigo baƙin ɗaki ba alhali na wani yana ƙyalli. Gobe zan sami Alhaji.

Naki,
Ya'u

Sharaɗa, Kano

Indo,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin Inna?

Na je wurin Alhaji na ce nawa ɗakin ma lokacin fentinsa ya yi. Ya dube ni, ya tambaya ko na tabbata, na ce sosai. Ya yi mini fatan alheri, ni kuma na fito ina jin na ci nasara. Kwana biyu aka gama.

Yau da safe Isyaku ya shigo yi mini sallama. Ashe kamfanin fatar da yake aiki a Challawa ya sallame su, kunya ta hana shi faɗa. Shi ya fahimtar da ni cewa Alhaji ba ya fenti sai in mai haya zai tashi, domin masu zuwa dubawa. Duk wanda ya nemi fenti, sanarwar tashi ya bayar.

Na ruga wurin Alhaji, na tarar har ya yi wa wani ango alkawarin ɗakin, ya ce ba ya magana biyu. Na Isyaku ma an kama. Ƙarshen wata zan fita.

Isyaku ne zai kawo miki wasiƙar nan. Ki ba shi ruwa da abinci, na roƙe shi gafara. Ki kwance kayan da kika ɗaure tukuna. Ɗakin ya yi kyau ƙwarai, Indo, ya ma fi nasa.

Mijinki,
Ya'u