Ƙwallon da Percy Ya Jefa wa 'Yan Kallo

Mobile, 3 ga Maris

Zuwa ga Madam Loretta Kowalczyk,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan sanyin garinku ya sassauta. Sunana Percy Vandiver. Shekara tara na yi wa ƙungiyarku ta ƙwallon ƙafar Amurka wasa a gurbin da ake kira tait-end, mai lamba 86. In ba ki tuna ni ba, ba laifinki ba ne. Aikina tare ƙarti da ƙirji don wasu su ci, sau ɗaya tak na tsallaka layi da ƙwallo a hannu. Al'ada ce ɗan wasa ya kai wa mahaifiyarsa ƙwallon cinsa na farko. Ni kuwa murna ta ɗebe ni, na wurga wa 'yan kallo. Shekara ashirin da biyu ke nan Mama ta bar wa ƙwallon gurbi a kan kantar ɗakinta, kullum sai ta goge wurin. Watan gobe za ta cika tamanin da biyar, kunya kuma ta ishe ni. An ce ƙwallon tana hannunki. Don Allah ki taimaka.

Naki cikin ladabi,
Percy

Manitowoc, 11 ga Maris

Percy,

Gaisuwa. Na tuna ka sarai, ja'iri! Ba cafe ƙwallon na yi ba, a hanci ta same ni, tabarau ya rabu biyu. Wani mai ƙaton tumbi a gefena ya ajiye tsiran alade da yake ci, ya toshe min jini da hularsa. Stan ke nan. Shekara goma sha tara muka yi da aure kafin ya rasu, kullum yana cewa kai ne waliyyinmu. Ƙwallon tana kan kujerarsa. Ba zan sa ta a gidan waya ba. Ni zan kawo ta da ƙafata, ka tanadi miyar jatan lande.

Huta lafiya,
Loretta

Mobile, 19 ga Maris

Madam,

Ina gaisuwa, ina kuma ba hancinki haƙuri. Wasiƙarki ta sa ni dariya, ta sa ni hawaye. Yanzu kuma nauyin raba ki da ita nake ji. Ko mu haƙura?

Percy

Manitowoc, 25 ga Maris

Percy,

Ƙato kamarka da noƙe-noƙe! Na riga na sayi tikiti.

Loretta

Mobile, 30 ga Afrilu

'Yar'uwata Loretta,

Maman Percy ce, ina gaishe ki da gajiyar hanya. Ki duba jakarki ƙarƙashin rigar sanyi, ni na cusa ƙwallon da kaina. Kwana uku ta yi a kan kantata, sun wadatar. Dama so nake yaron nan ya miƙo min ita da hannunsa, kuma ya miƙo, a gaban dukan 'yan cocinmu. Ni ina da Percy, yana nan yana cinye min abinci. Ke ki mayar wa Stan ita kan kujerarsa.

Taki,
Maman Percy