Baƙon da Baba Manu ya hana a kora

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin ki taimaka ki ɓoye sunana, mutanen garinmu sun cika group ɗin nan. Don Allah ku ba ni shawara, zuciyata ta ɗau zafi, kuma abin da take raya mani ba na alheri ba ne.

Ni dattijuwa ce da jikoki, bandar kifi nake sayarwa a kasuwar Yelwa. Asalinmu wani ƙauye ne a ƙasar Ngaski wanda yanzu yana ƙarƙashin ruwa. Ina yarinya aka gama dam ɗin Kainji, aka kwashe mu zuwa gidajen siminti da gwamnati ta gina a tudu, masu zafi kamar tanda. Babanmu ya rasu kafin tashin, don haka ƙanensa Baba Manu shi ne mai gida, abin da ya faɗa shi ke nan. Mu uku ne wurin Inna, ni, sai ƙanwata Hajo, sai autanmu Ɗanlami da ko yaye shi ba a yi ba.

Ba mu daɗe da tarewa ba aka yi shela masu lamba, wato masu rigakafi, za su zo, wai ta agana da ta ƙyanda. Wata na'ura ce gare su da ake takawa da ƙafa, a ɗora wa yaro a damtse ta ce tas, mutane suka sa mata suna bindiga. To ku 'yan zamani ba ku sani ba, a lokacinmu ba a kiran sunan ƙyanda, wai in ka kira ta amsawa take yi. Baƙon dauro ake cewa, ko a ce baƙo ya sauka gidan wane. Nan Baba Manu ya samu abin riƙewa. Ya ce ruwa ya kore mu daga gidan kakanninmu bai ishe mu ba, sai mun tari baƙo da bindiga? Wai baƙo lallashinsa ake yi har ya wuce, wanda ya harbe shi da fushi zai dawo masa. Ranar da motar masu lamba ta iso, ya zuba yaran gidan a kwalekwale ya tuƙa mu wani tsibiri, sai da suka tafi ya dawo da mu. Inna ta bi shi har bakin ruwa tana roƙo, ya ce mace ba ta da ta cewa a kan ɗiyan ɗan'uwansa.

Kafin a yi girbi baƙon ya sauka. Ni na riga na yi tawa tun a tsohon gari, Hajo da Ɗanlami ne suka kwanta, zazzaɓi, tari, ido jajir, ƙuraje tun daga bayan kunne har ƙafa. Baba Manu ya hana a kai su asibiti wai allura da baƙo ba sa haɗuwa, ya hana wanka, sai jiƙe-jiƙe ake ɗura musu. Ɗanlami a bayan Inna ya cika. Hajo ta tashi, amma idanunta suka yi fari fat, ba ta ƙara ganin komai ba. Yaran maƙwabta da aka yi wa bindigar kuwa suna ƙofar gida suna wasansu. Shi ko cewa ya yi kwana ne ya ƙare. Wallahi na yarda da ƙaddara, amma ba ƙaddara ce ta tuƙa kwalekwalen nan ba. Har yau Hajo tana ɗakina, ni ke jan ta, kuma Baba Manu bai taɓa buɗa baki ya ce ku yi haƙuri ba. Na tsane shi, ba zan yi muku ƙarya ba, in na gaishe shi baki ne kawai.

To ga inda maganar take. Mutumen nan yana nan da ransa, ya tsufa tukuf, haƙori babu, amma bakin bai mutu ba. Yanzu an kawo rigakafin ƙyanda haɗe da na wata da ake kira rubella, ana yi wa yara kyauta. Na kai jikokina da kaina, na tsaya na tambayi nas ɗin mece ce kuma rubella. Ta ce kamar ƙanwar ƙyanda ce, a jikin yaro ba ta cika tsanani ba, ɗan zazzaɓi da ƙuraje ta wuce, amma in yaron ya shafa wa mai ƙaramin ciki, cikin na iya zubewa, ko a haifi jariri kurma, ko makaho, ko mai ciwon zuciya. Ta ce ƙyandar kanta ba ta da wani magani in ta shiga sai dai jinya, a iska take bi, allurar ce ke koya wa jiki ya gane ta tun kafin ta zo. Kuma mai ciki ba a yi mata, yaran da ke kewaye da ita ake yi wa su zame mata katanga.

Kun san me tsohon nan ya yi? Ya tara gidansa ya ce duk matar da ta kai ɗa a tsira masa allura ta haɗa kayanta. Irin maganar dai ta wancan lokaci, baƙo, baƙo, ko kalma bai canza ba. Ga shi ƙyanda ta riga ta shiga unguwarsu. Da na ji, Allah ya gafarta mani, dariya na yi. Na ce madalla, bari baƙon ya sauka a gidansa ya ɗanɗana abin da Inna ta ɗanɗana, ni ko gaisuwar mutuwa sai na ci ado zan je.

Sai ga Rabi matar jikansa ta same ni a rumfa kamar mai sayen kifi. 'Ya'yanta biyu ƙanana, ga ƙaramin ciki. Ta durƙusa tana hawaye ta ce Gwaggo ki rufa mani asiri, ki aika a ce kina son yaran su yini wurinki ranar kasuwa, ki kai su a yi musu, ke ce kaɗai ba zai zarga ba. Ta ce amma kada kowa ya ji, in tsohon ya ji aurenta ya mutu, don mijinta ba ya iya ɗaga ido gaban kakansa.

Na so in ja Hajo har ƙofar masallacinsu ranar Juma'a, in buɗe idanunta gaban jama'a in ce ga aikin Baba Manu. Da na gaya mata sai ta yi mani tas, ta ce Yaya ni ba kayan nuni ba ce, in kina da faɗa ki yi da bakinki, kuma in kika tona ya kulle yaran a gida wa kika cuta? Na fita waje na yi kuka don haushi.

Ranar kasuwa ta matso, masu rigakafin kuma ba za su dawwama ba. Na san yaran Rabi ba su yi mani komai ba, ƙaramin ma in ya gan ni da gudu yake zuwa ya ce Kaka kifi. Amma ku duba mani, in na kai su a ɓoye suka tsira, tsohon nan zai zauna kan tabarmarsa yana cika baki, ku ga gidana ba a yi allura ba kuma lafiya lau. Wasu su ji su hana nasu. Ni da hannuna zan ba shi gaskiyar da ba tasa ba, ya mutu da ita, ba wanda ya taɓa ce masa kai ka kashe Ɗanlami. Jama'a in kai yaran in yi shiru? Ko akwai hanyar da zan tsirar da su, auren Rabi bai mutu ba, shi kuma ya ji wannan magana da kunnensa kafin a kai shi kabari? Don Allah kada ku ce mani in yi haƙuri kawai, tun ina yarinya nake yin sa.